Yadda ake koyon tsara rubutacciyar waƙa mai kari, daga gaɓa zuwa baiti

Mafi yawan masu fara rubuta waƙa da Hausa abu ɗaya ke ba su wahala, kuma sau da yawa ba su san sunansa ba. Mutum zai samu jigo mai kyau, ya jera kalmomi masu daɗi, kowane baiti ya ƙare da sauti iri ɗaya, amma da ya miƙa wa wani ya rera sai a ji harshe na tuntuɓe. Wani ɗango, wato layi ɗaya na baiti, ya yi tsawo, wani ya gutsure, mai rerawa yana ja a nan yana haɗiyewa a can. Abin da ya ɓace shi ne kari, wato ma'aunin da ke jera gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi bisa tsari ɗaya tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Kari kuwa da kunne ake kama shi, hannu ya biyo baya, kuma dukansu biyu sai an horar da su kullum. Ga tsarin aiki na kamar wata uku ga wanda zai iya ware minti 30 a rana.

Kayan aikin ba su da yawa: littafin rubutu guda biyu, fensir mai magogi, da wayar da ke naɗar murya. Littafi ɗaya na atisaye ne, ɗayan kuma rumbun kalmomi. A yi aiki da fensir saboda gogewa ta fi rubutawa yawa a wannan sana'a.

Mataki na farko: sanin nauyin gaɓa

Gaɓar Hausa iri uku ce. Akwai baƙi da gajeren wasali, kamar "da" ko "ma" ta farkon "manomi". Wannan ita ce marar nauyi, ana yi mata alamar v. Akwai baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar "go" ta "gona" ko "sai". Akwai kuma baƙi da wasali da wani baƙin, kamar "can" ko "han" ta "hanya". Waɗannan biyun na ƙarshe su ne masu nauyi, alamarsu –.

Inda gizo ke saƙar shi ne rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" da ake zama a cikinsa gaɓarsa ta farko marar nauyi ce, "gari" na tuwo kuwa tasa mai nauyi ce, amma a takarda kamarsu ɗaya. Haka "dawa" ta hatsi take da gaɓa biyu masu nauyi, "dawa" ta jeji kuma biyu marasa nauyi. Magabatan da suka rubuta waƙoƙinsu da ajami sun fi mu sauƙi ta wannan fuska, don haruffan alif da wawu da ya suna nuna musu inda aka ja wasali. Saboda haka a littafin atisaye ka riƙa ninka dogon wasali: goo-naa, gi-daa, kaa-su-waa, ma-noo-mii. A waƙar da za ka fitar wa jama'a ba za ka rubuta haka ba, wannan na ɗakin aiki ne kawai.

Abubuwa biyu suna yawan kayar da mai koyo, kuma ya kamata a zauna a kansu. Na farko, ƙananan kalmomi irin su "ya" da "ta" suna sauya nauyi gwargwadon jimla. A "ya tafi kasuwa" ja ake yi, yaa. A "lokacin da ya tafi" kuwa gajere ne. Na biyu, wasu aikatau suna gajarce wasalinsu na ƙarshe idan sunan abu ya biyo bayansu. Faɗi "ya gyara" ka tsaya, sannan ka faɗi "ya gyara gida". A na farko "ra" doguwa ce, a na biyu ta gajarce. Wanda bai lura da wannan ba zai yanka ɗango a takarda, wato ya rarraba gaɓoɓinsa ya auna su, ya ga daidai, bakinsa kuma ya ƙi yarda.

Aikin sati biyu na farko ke nan: kullum ka ɗauki jimla goma, daga jarida ko daga zancen da ka ji a gida, ka faɗe su a bayyane da murya irin ta hira, ka rarraba gaɓoɓinsu, ka sa alama ƙarƙashin kowace. Kada ka yi a zuci. Idan ka yi shakkar wata gaɓa, ka ja ta da gangan ka ji. In jan ya sa kalmar ta zama baƙuwa a kunnenka, gajeruwa ce.

Mataki na biyu: ƙafafuwa da rumbun kalmomi

Karuruwan da rubutacciyar waƙar Hausa ta fi amfani da su daga arulin Larabci suka zo, ilimin awon waƙa da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8. Shi ya fitar da karuruwa 15, daga baya aka ƙara na 16, Mutadarak. Kowane kari maimaicin wata ƙafa ne ko haɗin ƙafafuwa, ƙafa kuma ƙaramin rukuni ne na gaɓoɓi. Ba sai ka iya Larabci za ka kama su ba, don kowace ƙafa tana da kalmar Hausa da ta zauna daidai a kanta.

Fa'uulun (v – –), ƙafar Mutaƙarab, ita ce nauyin "manomi", "tukunya", "ciyawa". Faa'ilun (– v –) ta Mutadarak ita ce "kasuwa", "duniya", "gaskiya". Mustaf'ilun (– – v –) ta Rajaz ita ce "gonar hatsi". Faa'ilaatun (– v – –) ta Ramal ita ce "damina ce". Mutafaa'ilun (v v – v –) ta Kamil ita ce "hadarin gabas", Mufaa'alatun (v – v v –) ta Wafir kuma "ruwan hadari".

A littafi na biyu ka ware wa kowace ƙafa shafi biyu. Duk kalma ko guntun magana da ka ci karo da shi ka auna shi ka zuba a shafinsa. Ka sa wa kanka kalma biyar a rana. Aikin yana da gundura, amma ranar da ɗango ya tsaya maka yana neman abu mai nauyin v – –, za ka buɗe shafi ka tarar da guda 60 suna jiranka, maimakon ka cusa kalmar da ba ta dace ba.

Karin magana ma wurin atisaye ne mai kyau, don da yawansu sun zo da awonsu. Yanka "haƙuri maganin duniya" ka gani: ha-ƙu-rii / maa-ga-nin / duu-ni-yaa. Ƙafa ta biyu da ta uku faa'ilun ne cif. Ta farko gaɓarta ta fari ce ta gajarce, kuma irin wannan sassauci aruli ya yarda da shi, shi ake kira zihafi.

Mataki na uku: kari ɗaya tak, na wata guda

Ka zaɓi kari ɗaya ka zauna a kansa. Mutaƙarab ya fi dacewa da mai farawa saboda ƙafa ɗaya ce ake maimaitawa sau huɗu, kuma Hausa cike take da kalmomi masu siffarta, musamman sunayen masu sana'a: maƙeri, masaƙi, majemi, maɗinki, mahauci. Kafin ka rubuta komai, ka yi kwana biyu kana rera ƙafar kaɗai, "fa'uulun fa'uulun fa'uulun fa'uulun", kana buga yatsa a kan tebur ko cinya, bugu mai sauƙi ga v, mai ƙarfi ga –. Sai amon ya zauna a kanka har kana jin sa kana tafiya.

Yanzu ka gwada ɗango. A ce abin da kake son faɗi shi ne manomi ya tafi gona da rana. Idan ka rubuta shi yadda ya zo:

Manomi ya tafi gona da rana

yankansa zai ba ka ma-noo-mii / yaa-ta-fi / goo-naa-da / raa-na. Ƙafar farko lafiya lau. Ta biyu ta juye, ta fara da mai nauyi sannan marasa nauyi biyu suka biyo, kuma daga nan duk sauran suka goce. Ba a jefar da ɗangon, wurin da ya karye kawai ake nema a sauya:

Manomi yana can a gona da rana,
Gumi na zuba, shi yana ta da kunya.

Yanka na farko: ma-noo-mii / ya-naa-can / a-goo-naa / da-raa-na. Na biyu: gu-mii-naa / zu-baa-shii / ya-naa-taa / da-kun-yaa. Ka lura da abu biyu. Gaɓar ƙarshe ta ɗango ana lissafa ta mai nauyi ko da gajeruwa ce a magana, saboda tsayawar da ake yi a kanta. Sannan iyakar ƙafa ba dole ta zo daidai da iyakar kalma ba: "ta da" ta rabu tsakanin ƙafa ta uku da ta huɗu, kuma hakan ne ma ke hana waƙa yin amo irin na ƙidaya. Idan kowace ƙafa kalma ɗaya ce cur, ɗangon yakan fito kamar ana kiran sunayen 'yan aji.

Mutaƙarab ya yarda a yanke gaɓar ƙarshe, ɗango ya ƙare da v –, kamar "Manomi yana can a gonar hatsi". Amma in ka zaɓi wannan ƙarshen ga ɗangon da ke rufe baiti, ka riƙe shi har ƙarshen waƙar. Sauran sassaucin zihafi kuwa ka bar su tukuna. Wanda ya fara da neman rangwame ba ya sanin lokacin da ya fita daga kari gaba ɗaya.

Adadin aikin wannan wata: baiti biyu a rana, mai ɗango bibbiyu, ba ƙari. A kan komai: layin famfo, kukan akuya, mai shayi, ruwan da ya ƙi zuwa. Ba a neman hikima a wannan mataki, daidaiton awo ake nema. Bayan ka rubuta ka yanka kowane ɗango a ƙarƙashinsa, ka sa kwanan wata a saman shafin.

Mataki na huɗu: amsa-amo

Amsa-amo shi ne gaɓar da ake maimaitawa a ƙarshen ɗango. A waƙa 'yar ƙwar biyu, wato mai ɗango biyu a baiti, ɗango na biyu na kowane baiti ne ke ɗauke da shi. Ga baitin da zai bi na sama:

Maƙeri yana can a bakin maƙera,
Amon nasa ƙarfe ana ji a hanya.

"Kunya" da "hanya" sun haɗu a kan "ya". A 'yar ƙwar biyar kuwa amsa-amo biyu ne: ƙarami, wanda ɗango huɗu na farko ke tarayya a kansa kuma yake sauyawa daga baiti zuwa baiti, da babba, wanda ɗango na biyar ke riƙe da shi har waƙa ta ƙare. Ƙwar biyar ta fi cin kalmomi nesa ba kusa ba, shi ya sa ake so mai koyo ya daɗe a ƙwar biyu.

Kafin ka ɗaura wa kanka wani amsa-amo, ka jera kalmomi 30 masu ƙarewa da shi, waɗanda kuma suka shafi jigonka. In ba su kai 30 ba, waƙarka za ta maƙale wajen baiti na takwas ko na tara, ka koma maimaita kalma ɗaya ko ka jawo wadda ba ruwanta da zancen. Gaɓoɓi irin su "ya", "na", "ra", "ta" suna da yalwa. Masu ƙarewa da "u" ko "o" sun fi ƙaranci. "Wa" ta fi kowace arha saboda aikatau da yawa ana iya liƙa musu ita, kamawa, dubawa, gyarawa, kuma arharta ce aibinta: waƙa mai baiti 20 da duk ta ƙare da irin waɗannan takan yi lami a kunne. Idan za ka yi amfani da ita, ka gauraya da sunaye irin su "giwa", "ciyawa", "kasuwa".

Dabarar da ke rage wahala ita ce ka fara rubuta ɗangon da ke ɗauke da amsa-amo, sannan ka dawo ka gina na farko ya kai gare shi. Ɗangon rufe baiti shi ne mai nauyin ma'ana, shi mai sauraro ke tafiya da shi. In ka bar shi a ƙarshe, amsa-amo ne zai zaɓa maka abin da za ka ce.

Mataki na biyar: waƙa cikakkiya

A wata na biyu ka tsara waƙa mai baiti 12. Ka fara da rubuta jigonta a jimla ɗaya ta zube, misali "manomi ne ke ciyar da gari amma shi ake mantawa". In jimlar ta ƙi fitowa, jigon bai nuna ba, ka dakata. Daga nan ka rubuta lamba 1 zuwa 12, gaban kowace ka sa abin da baitin zai faɗa, shi ma a zube. Bisa al'ada baiti na farko ko biyun farko mabuɗi ne, sunan Allah da salati ga Annabi, na ƙarshe kuma marufi, inda ake godiya, wani lokaci mawallafi ya ambaci sunansa ko shekarar da ya yi waƙar. Tsakiyar ita ce warwarar jigo, kuma kowane baiti ya kawo abu sabo guda ɗaya. Ka gwada musanya wurin baiti biyu. In babu abin da ya lalace, waƙar ba ta tafiya gaba, jeri ne kawai.

A nan ne kurakuran da suka fi yawa ke fitowa. Na ɗaya shi ne ciko: "fa", "dai", "ma", "kuwa", "lallai", "haƙiƙa", "ya ɗan'uwa", da ake cusawa don ƙafa ta cika. Ko a misalinmu na sama "can" tana kusa da zama ciko. Ta tsira ne don tana nuna wuri, amma da za ta sake fitowa a baiti na uku da na huɗu, da ta zama sanda ta dogarawa. Ka ja layi ƙarƙashin duk irin waɗannan kalmomi, in sun wuce ɗaya a baiti ka sake gini.

Na biyu shi ne murɗe jimla har ta daina zama Hausa don amsa-amo ya faɗa a ƙarshe. Waƙa ta yarda da gaba da baya, "nasa ƙarfe" a madadin "ƙarfensa", ta kuma yarda da taƙaitawa irin ta baka, "yai" don "ya yi", "tai" don "ta yi", "mai" don "masa". Waɗannan kayan aiki ne halattattu na rage gaɓa ko ƙara nauyi. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne jimlar da Bahaushe zai ji ya ce "me?" Haka kuma tsoma Sakkwatanci a ɗango ɗaya tak cikin waƙar da duk Kananci ce, don kawai awo ya daidaita, yakan fito kamar faci a riga.

Na uku ya fi su wuyar magani: faɗin abu a dunƙule. "Talaka na shan wahala" gaskiya ne, amma kowa ya riga ya sani, kuma ba ya barin komai a ido. Gumi da kunyar gona da ake tayarwa da rana su ne ke sa a ga manomin. Duk baitin da babu abin gani, ko na ji, ko na taɓawa a cikinsa, ka tambayi kanka ko akwai wani abu na zahiri da zai ɗauki ma'anar: buhun da bai cika ba, fartanyar da bakinta ya cinye, takalmin da aka ɗinke sau uku.

Mataki na shida: gwaji da gyara

Rerawa tana rufa asirin karyayyen ɗango. Mai murya zai ja gajeren wasali, ya haɗiye gaɓa, waƙar ta wuce kamar lafiya, balle in an sa mata kiɗa a situdiyo. Don haka gwajin farko karantawa ne ba tare da rerawa ba, da muryar magana, kana naɗa a waya. Ka saurara da fensir a hannu, duk inda ka ji ka yi sauri ko ka ja abin da ba a ja a magana, ka sa alama. Gwaji na biyu, ka ba wani wanda bai taɓa jin waƙar ba ya rera ta daga takarda, kai kuma ka yi shiru. Inda ya yi tuntuɓe nan ne matsalar take. Kada ka ce masa "ba haka ake rerawa ba", ɗangon za ka gyara.

Ba don ido ake waƙa ba. Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, makaho ne, da kunne ya auna baitocinsa. Yankan da kake yi a takarda tsani ne na kai kunnenka ga wannan matsayi, kuma za ka lura wajen wata na uku kana jin karyewa tun kafin ka yanka.

Bayan gwaji ka ajiye waƙar kwana uku ba ka duba ta ba. Ka dawo ka bi ta sau uku, kowane bi da abin da yake nema: na farko kari, na biyu ma'ana da jerin tunani, na uku kalma ɗaya-ɗaya. Kada ka yaga tsohon zubi, ka rubuta sabon a shafi na gaba, don sau da yawa gyara na uku yakan nuna cewa ɗangon farko ya fi.

Ranakun da abu ya ƙi zuwa

Za su zo, kuma ba a tsallake su. A irin wannan rana minti 30 ɗin nan ka cika su da aikin da ba ya bukatar ilhama: ka yanka baiti biyar na wata tsohuwar waƙa, ka ƙara kalmomi a rumbu, ko ka ɗauki labari ɗaya daga rediyo ka mayar da jimlarsa ta farko Mutaƙarab.

Atisayen da ya fi kowane ƙarfi shi ne tahamisi. Ana ɗaukar baiti mai ɗango biyu na wani mawaƙi, a ɗora ɗango uku a gabansa, cikin karinsa, masu amsa-amo ɗaya da ɗangonsa na farko, baitin ya koma ƙwar biyar. Tsohuwar hanya ce a ƙasar Hausa: waƙar Tabbat Haƙiƙa ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda Nana Asma'u ta mayar Hausa daga Fulatanci, ɗan'uwanta Isa ne ya yi mata tahamisi. Amfaninsa ga mai koyo shi ne an riga an zaɓa maka kari da amsa-amo da ma'ana, kuma ɗangonka na zaune kafaɗa da kafaɗa da na gwani, duk rauninsa a fili. Baiti ɗaya a sati ya isa.

Baiti biyu a rana na kwana 90 baiti 180 ke nan, kuma mafi yawansu ba za su fita daga littafin atisaye ba. A ƙarshen wata na uku ka koma baitocinka na farko ka sake yanka su, ka gyara guda goma. Idan ka rubuta baiti 20 a jere cikin Mutaƙarab ba tare da karyewa ba, kuma wani ya rera su bai yi tuntuɓe ba, ka matsa zuwa Kamil. A can dokar farko da za ka koya ita ce gaɓa biyu marasa nauyi na farkon ƙafa suna iya haɗewa su zama ɗaya mai nauyi, "hadarin gabas" da "gonar hatsi" su zauna a gurbi ɗaya. Ka ba shi kwana biyu na bugun yatsa kafin ka rubuta ɗangon farko, ka kuma buɗe masa sabon shafi a rumbun kalmomi.